Gyara Arba'in da Ɗaya

Ke da kika rubuto a ƙarƙashin labarina na makon jiya wai "Mama ki yi haƙuri, zamani ne ya canza," wayata ta karanta mini saƙonki. Ki adana haƙurinki, zai yi miki rana. Ni hukunci na zo nema wajenku, ba lallashi ba.

Wanda bai san ni ba, ni tela ce, shekara talatin da biyu a kan keke. Ban yi boko ba. Lamba kaɗai na sani, ita ma ta jikin tef ɗin awo. Magana nake yi wayar nan tana rubutawa, don haka in kun ga kuskure ku tuhume ta. Maigidana ya rasu ya bar mini 'ya'ya huɗu. Uku na ɗakunansu. Saura Auta, shekara ashirin da tara, kyakkyawa kamar ni a da, taurin kai kamar ni a yanzu.

Auta tana aiki a wani kamfani da ke yi wa sojoji manhajar kwamfuta, ta ofishinsu na bayanan sirri. Kada ku tambaye ni abin da ke ciki, ni ma da na haife ta ba ta faɗa mini. Abin da ta yarda ta ce kawai shi ne, sojojin da ke can nesa suna aiko rahoto kullum, ɗaruruwa, manhajar kuwa ita ke tantance su, don mai gaggawa ya fara isa gaban babba. Ta ce kafin su, wani kamfani ya kulle kansa shekara uku yana gini, bai nuna wa kowa ba, ranar da ya kawo aka tarar rahoton hari yana kwance a ƙarƙashin rahoton tankin ruwa da ya fashe.

Na ce, "Wannan ai telan da ya ɗinka riga bai yi awo ba ne."

Ta ce, "Yauwa Mama! Shi ya sa mu ba ma haka. Zango-zango muke yi, mako bibbiyu. Mu yi kaɗan, mu kai wa mai kaya ta gwada, ta faɗi gyara, mu koma mu gyara. Ba abin da ake cewa an gama sai ta ce ta karɓa."

Na ce, "Wannan ne abin da kuka yi shekara biyar a jami'a kuna koya? Da kin zauna gefen kekena da kin koya a wata guda."

Mai kayan tasu wata Kanar ce, mace. Suna da wani babban allo mai gida uku: abin da za a yi, abin da ake yi, abin da aka gama. Kowane aiki a rubuta shi a 'yar takarda mai manne, a dinga ciyar da ita gaba. Kullum da safe kuma su yi taro a tsaye, ba mai zama, kowa ya faɗi abu uku: me ya yi jiya, me zai yi yau, me ya tare masa hanya. Mai kula da allon nan da taron nan shi ne bala'in da ya same ni. Mai Allo nake ce masa.

Dogo ne, siriri, da tabarau, magana a hankali kamar mai tsoron ya tashi jariri. Wata goma sha takwas ke nan yana zuwa gidana zance wajen Auta. Ranar Asabar, mako biyu-biyu, ƙarfe huɗu daidai, har maƙwabta sun daina duba agogo. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya zauna bakin kujera, ya sha shayi rabin kofi, su yi hira da Auta a falo ina ɗaki ina jin komai. In zai tafi ya leƙo ya ce, "Mama, akwai gyara?"

To ni a tambaye ni gyara? Ai an taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ran farko na ce takalminsa kamar ya taka kwata. Ya zaro 'yar takarda rawaya da biro daga aljihun gaban rigarsa, ya rubuta. A gabana! Kamar ɗan sanda yana ɗaukar jawabin ɓarawo. Na ce a raina, lallai yaron nan ya raina ni. Zuwa na gaba takalmi na ƙyalli, sai na ce gemun nan fa, ko a bar shi ko a aske shi, ba wannan tsakatsakin ba. Ya rubuta. Na ce turarensa yana sa ni atishawa. Na ce yana barin shayi a kofi kamar an sa masa guba. Na ce ƙarar motarsa tana firgita kajin maƙwabta. Kullum ya rubuta, ya ce, "To Mama, na gode," ya tafi.

Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba: ya turo manyansa a tsayar da rana.

Rigar auren Auta tun bara na ɗinke ta. Farin leshi mai nauyi, na zauna na jera mata duwatsu ɗaya-ɗaya a wuya da hannuna har idona ya fara ganin biyu. Tana rataye a bayan ƙofata cikin leda. Sau biyu ina sauke ta ina rage ƙugu, saboda yarinyar ramewa take yi. Ba ta magana, amma ni tef ba ya yi mini ƙarya. Inci biyu da rabi Mai Allo ya ci a jikin 'yata.

Ranar Laraba da hantsi ina kan keke saƙon murya ya shigo daga Baffan yara, yayan marigayi, wanda shi ne mai ba da Auta. Mutum ne da in ya yi tari a waya sai ka gyara zama.

"Ke mai ɗinki. Na gaji da tambayar mutane. Ranar Asabar zan zo. In yaron nan bai zo da manyansa ba, zan faɗa masa da bakina kada ya sake taka ƙofar gidan ƙanena. Mu ba tashar mota ba ne. Na gama."

Na san shi. In ya rufe ƙofa ko shi ba ya iya buɗe ta.

Da Auta ta dawo na kunna mata. Ta ajiye jaka, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar keke, inda take zama tun tana rarrafe.

Na ce, "Ke ba ki da baki ne? Ba ki tambaye shi?"

"Na tambaya sau ɗaya, Mama."

"Ya ce me?"

"Ya ce ba a ba shi izini ba tukuna. Ya ce yana kan aiki a kai."

"Izinin wa?"

"Ban tambaya ba. Ni ba zan roƙi namiji ya aure ni ba."

Sai hawaye. Ta goge da gefen mayafi da sauri, wai kada in gani. Ina son shi, in ji ta, shi ke nan abin da ta ƙara.

Ni kuwa na riga na gano. Wa ke ba masu aikin sirri izini in ba sojoji ba? Kanar ɗin nan ce ta danne mini auren 'ya a ƙarƙashin fayil. Na ce to, zuwa da kai ya fi aike.

Alhamis da sassafe na bar Auta ta fita, na yi wanka, na ɗauko atamfata shuɗiya mai zanen ganye wadda nake sawa in zan je faɗa, na kafa ɗauri har yana taɓa rufin tasi. Na rataya tef a wuya, don ni in ba shi ji nake kamar ba ni da makami.

Ginin hawa biyu ne, fari, ba ko rubutu a jikinsa. A ƙofa wani soja, fuska kamar an aiko masa da mutuwa.

"Mama, ina zuwa?"

"Wajen Kanar."

"Kina da takardar ganinta?"

"Ina da 'ya a ciki. Wata tara na ɗauke ta, wace takarda ta fi wannan?"

"Ba a shiga. Kuma ba a shiga da waya."

"To wanne ne? Ba a shiga, ko ba a shiga da waya? Ka tsaya a kan magana ɗaya, ɗan nan, ka ga abin da ya kawo ni ke nan, maza marasa tsayawa a kan magana."

Muna cikin haka mota ta tsaya. Wata mata ta fito cikin kaki, gajera, kakkaura, ba za ta wuce hamsin ba. Sojan ya ƙame har na ji tsoron kada ya karye, na san Kanar ɗin ce. Na dube ta sama da ƙasa. Wallahi na so in yi shiru, amma ido ba ya bari.

Na ce, "Ranki ya daɗe, wanda ya ɗinka miki wannan rigar ya cuce ki. Hannun hagu ya fi na dama da rabin inci."

Ta tsaya. Ta dubi hannun rigarta. Ta dubi tef ɗin wuyana. Sai na ga bakinta yana motsi kamar mai danne dariya.

Ta ce, "Ke ce Mama."

"Wace Mama?"

"Ai ke ce. Wata goma sha takwas ina son in gan ki. Karɓi wayarta, ka bar ta ta shigo ɗakin waje."

Ɗakin wajen nan falo ne mai faɗi, sanyin na'ura kamar cikin firji. A bango ɗaya akwatunan ƙarfe ne a jere, inda kowa ke kulle wayarsa da jakarsa kafin ya wuce ƙofar ciki, wadda ni ko kallonta ba a yarda in yi sosai ba. A ɗaya bangon ga allon, ga takardu rawaya da kore manne kamar ganyen da iska ta watsa. Mutum takwas a tsaye a gabansa sun yi da'ira, ga kujeru a gefe ba kowa a kai. Auta ta hango ni, ta dafe ƙirji. Mai Allo kuwa biro ya faɗi daga hannunsa.

Wani mai ƙiba yana cikin cewa jiya ya gyara inda rahoto ke shigowa sau biyu. Na ratsa na shiga da'irar, na tsaya.

Na ce, "Na san dokarku, abu uku ne. Jiya na rage rigar aure karo na uku a zuciyata. Yau na zo nan. Abin da ya tare mini hanya kuwa," na juya na nuna Kanar, "ke ce, ranki ya daɗe. Kin hana yaron nan izinin aure. 'Yata ta rame inci biyu da rabi. Jibi Baffanta zai kore shi. In soja ne ke aurar da mutane yanzu, a faɗa mana mu san inda za mu kai ƙara."



Kanar ta ce, "Mama, ni ban hana kowa aure ba. Ba a ma tambaye ni ba." Ta juya wajen Mai Allo. "Buɗe akwatinka."

"Ranki ya daɗe, wannan ai na kaina ne…"

"A ginin nan aikina ne in san abin da ke cikin kowane akwati. Na daɗe da haddace shi. Buɗe."

Ya sa makulli. Ƙofar ta buɗe. A bayan ƙofar, daga sama har ƙasa, ya ja layi biyu ya raba ta gida uku, irin na babban allon. Gidan ƙarshe cike da takardu rawaya, wata kan wata. Gidan tsakiya takarda ɗaya tal, an zagaye ta da jan biro.

Na ce, "Ni ba na karatu. A karanta mini."

Kanar ta sa tabarau, ta fara cirowa daga gidan ƙarshe, da muryar da take ba sojoji umarni.

"Takalmi kamar ya taka kwata. An gama. Gemu, ko a bari ko a aske. An gama. Turare mai sa atishawa. An gama. A shanye shayi duka. An gama. Salansar mota, saboda kaji. An gama. A daina cewa 'to Mama' sau biyu a jere. An gama. A ƙara ƙiba." Ta ɗago. "Wannan an rubuta a ƙasa, ƙwai biyu kullum da safe, an samu kilo uku."

Mai ƙiban nan ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa.

Guda arba'in da ɗaya ta ƙirga. Ni kuwa kowace ta karanta ina jin muryata a ciki, har da ranar da na faɗa da abin da nake ɗinkawa a lokacin.

Na ce, "To ta tsakiyar fa, mai jan biro?"

Ta karanta a hankali. "A kai manya a sa rana. Abin da ya tare: mai kaya ba ta ce ta karɓa ba." Ta dube ni ta saman tabarau. "A ƙasa ya rubuta sunan mai kayan. Ba nawa ba ne."

Jama'a, an ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To ni ranar tudun ne ya taka ni.

Na juya kansa. "Kai! Ni kake jira?"

Ya sunkuyar da kai. "Mama, duk zuwa ina tambaya ko akwai gyara. Duk zuwa akwai. A wajenmu in mai kaya ta faɗi gyara, aikin bai kammala ba ke nan, ba a wucewa gaba. Na ce ranar da kika ce babu, washegari Kawuna zai zo. Tun bara ya ɗinka rigar zuwa."

"Wane mahaukacin ne ya ce maka ana rasa gyara a jikin ɗan Adam? Ni mijina shekara ashirin da shida ina gyara shi, har ya koma ga Allah ban gama ba! Kai ba ka san tela ba? Wanda ba na so, ce masa nake ya yi kyau, ya tafi kada ya dawo. Wanda na tsaya ina tsinkar zare a jikinsa, shi ne nawa!"

Auta ta ce, "Mama, ai ba ki taɓa faɗa masa haka ba."

"Ke rufe mini baki. Ke da kike aiki da shi ɗaki ɗaya, kuna tantance rahoton sojoji dubu, kin kasa gano rahoton da ke cikin akwatin da ke kusa da naki?"

Kanar ta ce, "Wannan kam gaskiya ne. Mai gaggawa ya kwanta a ƙarƙashin tankin ruwa." Ta cire takardar tsakiyar ta miƙo mini. "Mama, taronmu minti goma sha biyar ne, kin ci tara. Dokar allo, mai kaya ce kaɗai ke cewa ta karɓa. Kin karɓa, ko a mayar?"

Na riƙe 'yar takardar. Ba nauyi. Na dubi yaron. Takalmi na ƙyalli, gemu a daidaice, kumatu sun ɗan ciko. Duk aikina ne, ashe, na ɗinka mutum guda ban sani ba. Na dubi Auta, ta ƙanƙame mayafi tana kallon bakina.

Na ce, "Na karɓa."

Ɗakin ya ɗauki tafi. Ni kuwa idona ya riga ya sauka ƙasa.

"Sai dai wandon nan naka ya yi tsawo da…"

Mutum takwas da Kanar guda suka haɗa baki: "Mama!"

Hannunsa har ya kai aljihu. Na buge shi. Na ce, "Wannan ba na rubutawa ba ne. Kayan da za ka sa jibi, ka kawo mini su gobe, riga da wando, ni zan gyara da kaina."

Ya kawo Juma'a da yamma, farar shadda a goge. Na rage wandon inci ɗaya. Sannan na zauna ina kallon rigar, ina tunanin Baffan yara. Don in ni mai gyara ce, shi masaƙa ce guda. Mutumin da ya taɓa mayar da likita ya sake rubuta takardar magani wai rubutun ya karkace. In ya buɗe baki yaron nan ya zaro takarda, mun koma wata goma sha takwas ke nan. Na sa zare fari a allura.

Asabar ƙarfe huɗu daidai motoci biyu suka tsaya, ba kaza ko ɗaya da ta motsa. Kawunsa ya shigo da wasu dattawa biyu, rigarsa har da karin ninkin shekara guda a jiki. Ni da Auta muna bayan labule, tana matse mini hannu kamar mai naƙuda.

Aka gaisa, aka faɗi abin da ya kawo su. Baffa ya yi tarin nan nasa. Ya dubi Mai Allo tun daga hula har yatsun ƙafa.

"Kafin in ce komai, ina da gyara guda bakwai game da yaron nan. Na farko, ba ya kallon mutum in ana magana."

Na ga hannun ya tashi da kansa, ya nufi aljihun gaba. Yatsu suka laluba. Suka sake lalubawa. Aljihu ba baki. Ɗinki biyu na yi masa, ƙanana, irin wanda ko reza sai ta yi da gaske.

Ya ɗago kai a hankali ya dubi labule. Na leƙo da ido ɗaya, na girgiza masa kai. Sai ya sauke hannun, ya juya ya kalli Baffa ido cikin ido, ya ce, "Na ji, Baffa. Zan gyara a cikin auren."

Baffa ya tsaya da baki buɗe, sauran shidan suka maƙale. Kawun ya yi maza ya ce, "To Alhamdulillahi, sai rana." Kafin shayi ya huce an tsayar: mako shida.

Na ji yaron ya ce ƙasa-ƙasa, "Zango uku ke nan." Auta ta toshe baki da mayafina.

To ga ƙarata, masu karatu, ku yi mini hukunci tsakani da Allah. Auta ta ce laifina ne. Baffa ya ce laifin boko ne. Ni na ce inci biyu da rabi na 'yata a wuyan Mai Allo suke, kuma sai ya biya su kafin ranar, don na riga na sauke rigar na warware ƙugun, ba kuma zan sake rage ta ba. Na faɗa masa haka a bakin mota. Ya ce to Mama, sau ɗaya.

Da na koma ciki na tarar Baffa bai tafi ba. Yana zaune shi kaɗai a falo, ya ɗora tabarau a hanci, ya sami 'yan takardu rawaya da suka zube daga jakar yaron. Yana ta rubutu, yana mannawa a hannun kujerata ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga daga bakin ƙofa. Shida.

Ya ce, "Ke mai ɗinki, wannan abin da kyau. Ina ne ofishin nasu?"